Mutuwar Asabe Mai Ƙosai

A gidan haya na girma, a Samaru, bayan layin masu gyaran keke. Gida ne mai ɗakuna takwas da rijiya ɗaya a tsakiya. Biyu daga cikin ɗakunan namu ne: ɗaya na Kaka Saraya da ni, ɗayan na Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyata, wanda yake koyarwa a wata makarantar firamare. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara uku. An ce mini zazzaɓi ne, ni kuma ban taɓa tambayar abin da ya wuce haka ba. Mahaifina yana aiki a Legas, sai Kirsimeti muke ganinsa.

Kaka ba ta yarda da risho ba, ta ce tuwonsa warin kananzir yake yi. Murhunta na duwatsu uku yana lungun tsakar gida, kuma in ta sauke tuwo da magariba ba ta kashe wutar. Takan ƙara itace ɗaya, ta jera masara a gefen garwashi, mu yaran gidan mu kewaye ta da kwanukanmu a cinya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta ɗaga yatsa kamar ta ji motsi, ta ce, "Ga wata tana ƙwanƙwasa ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata!" Muryarta ƙarama ce, mai ɗan kaushi, dole ka matso in kana son ji. Ina jin da gangan take yin haka.

Ina aji biyar aka fara wani wasan kwaikwayo a rediyo mai suna Layin Tsamiya. Talata da Alhamis ake sa shi, bayan labaran ƙarfe bakwai. A waɗannan ranaku biyu Kaka da kanta take ajiye tatsuniya. A kifa turmi kusa da murhu, a ɗora rediyo mai batir a kai, manya da yara su fito da kujeru 'yan tsugunno. Maman Ladi mai ɗinki, wadda ɗakinta yake kallon namu, ita ce mai tsawatar wa duk wanda ya yi tari.

A cikin wasan akwai Asabe mai ƙosai. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku, tana suya a bakin titi, ga baki, ga barkwanci, ba ta barin kowa ya taka ta, ba ta kuma barin yaro ya wuce da yunwa. Kaka "ƙawata" take ce mata. Akwai kuma Tanko mai kemis, mai sayar da jabun magani, murya kamar zuma. Duk ciwon da aka kai masa, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce, "Haba, wannan ai ƙaramin abu ne."

Kawu Bitrus ne Tanko. Asabar ɗaya a cikin biyu yakan hau mota zuwa Kaduna a ɗauki muryarsa. A gidanmu kowa ya sani, amma a waje kaɗan ne suka sani, don sunayen 'yan wasa a guje ake karanta su a ƙarshe, lokacin da kowa ya tashi yana musu. Shi kuwa bai taɓa zama ya saurara tare da mu ba. Da an fara kiɗan buɗewa sai ya shige ɗaki ya ce zai duba littattafan yara. In ya fito bayan an gama, Kaka ta ce, "To, ga mugu ya fito, a ɓoye marasa lafiya." Ya yi murmushi kawai.

Sati biyu Asabe tana fama da zazzaɓi a cikin wasan. Babbar 'yarta ta ce su je asibiti, ta ce wa zai tsaya a kan kasko in ta je ta yini a layi? Sai ta aiki yarinyar wurin Tanko. Ba wanda ya damu sosai a tsakar gidanmu, don Asabe ta sha shiga matsala ta fita.

Ranar Alhamis ɗin an ɗauke wuta, hasken murhu kawai muke da shi. Muka ji yarinyar tana dama koko tana yi wa uwarta hira. Ta yi tambaya, ba a amsa ba. Ta sake yi. Sai muka ji ludayi ya faɗi ƙasa. "Inna? Inna!" Sau uku ta kira. Daga nan rediyo ya yi shiru har na zaci batir ne ya mutu, sannan wata sarewa ta taso a hankali.

Maman Ladi ce ta fara magana. "Suma ta yi. Wallahi suma ce, ku jira ku gani."

Muka jira. Abin da ya biyo bayan sarewar shi ne muryoyin masu gaisuwar mutuwa. A cikinsu har da Tanko, yana cewa Allah ya ji ƙanta, mutumiyar kirki ce.

Maman Ladi ta miƙe, zaninta yana kwancewa tana riƙewa, ta nufi ƙofar Kawu ta buga da tafin hannu. "Malam Bitrus, fito ka gaya mana gaskiya. Za ta tashi ranar Talata ko ba za ta tashi ba?"

Bai buɗe ba. Daga ciki ya ce, "Ba za ta tashi ba, Maman Ladi."

"Kuma ka sani tun tuni kana cin tuwo da mu? Kai, Allah ya isa!" Ta faɗi haka da kuka, ta koma ɗakinta ta banko ƙofa. Yara ƙanana suka ga manya suna kuka, su ma suka ɗauka.

Ni Kaka nake kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta kafa wa wuta ido, masara tana ƙonewa a gabanta har ta zama gawayi, ba ta juya ta ba. Can ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki ba tare da ta ce wa kowa sai da safe ba. Washegari ta rufe abincin Kawu ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ya gaishe ta, ta amsa da kai. Da magariba ta sauke tuwo ta watsa wa wutar ruwa. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta yi haka ba.

Garin ma bai zauna lafiya ba. A makarantarmu malamar lissafi ta shigo da jajayen idanu. Wata mai ƙosai a bakin kasuwar Samaru ta ce tun asuba mutane suke tsayawa suna yi mata gaisuwa, har ta ji tsoro ta kwashe kaskonta. A taron zumuntar mata na cocinmu wata ta miƙe ta roƙi a sa marayun Asabe a addu'a, kuma da aka tuna mata wasa ne sai ta ce ta sani, amma a sa su. Masu iya rubutu suna ta rubuta wasiƙu zuwa gidan rediyo, wasu na roƙo, wasu na zagi. Duk inda aka ambaci Asabe, sunan da yake biyo baya Tanko ne.

Ranar Asabar ba ta zuwa Kaduna ba ce. Takalmin makarantata ya tsinke, Kawu ya ce mu je kasuwar Sabon Gari. Muka hau bas. Tun kafin mu kai Palladan maganar ta tashi. Wani mutum a bayanmu ya ce in ya ga Tanko ido da ido, sai dai a raba su a ofishin 'yan sanda. Wata ta ce ai ba wasa ba ne, muryar nan ta mugu ce ta gaske, ba a koyon irinta. Kawu yana kallon taga. Da za mu sauka bai ce "akwai" ba, bugun jikin motar ya yi da hannu. A lokacin na gane cewa tsoron buɗe baki yake yi, sai ni ma tsoro ya kama ni.

Muka shiga layin masu takalma, shagon Baban Emeka, wani Inyamuri mai ƙiba wanda Kawu ya taɓa koyar da ɗansa. Suka gaisa ƙasa-ƙasa. Aka ba ni sandal mai ruwan ƙasa na gwada. Ya yi mini daidai, amma maɗaurin ya ƙi shiga, na yi ta fama har na fara ƙunƙuni na ce ba na so. Kawu ya tsuguna a gabana, ya manta da kansa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Rahila, wannan ai ƙaramin abu ne."

Wata mata tana tsaye a shagon da yake kusa, da kwandon tumatir a hannu. Na ga ta daskare. Ta juyo a hankali.

"Sake faɗi," in ji ta.

Kawu bai ɗago ba.

"Malam, da kai nake. Sake faɗin abin da ka faɗa."

"Hajiya, ki yi haƙuri, takalmi muke saya."

Jin muryarsa a karo na biyu ya ishe ta. Kwandon ya faɗi, tumatir ya watse a ƙasa. Ta cafki wuyan rigarsa da hannu biyu ta ƙwala ihu, "Shi ne! Jama'a, ga shi nan, shi ne ya kashe ta!"

Na farkon da suka taru sun gane zancen. Wasu ma dariya suke yi, suna cewa a bari su ga fuskar Tanko, ashe siriri ne haka. Amma kasuwa ce. Na baya ba su ji farkon magana ba, abin da ya isa kunnensu shi ne an kama wanda ya kashe wata mata. Na ji wani daga nesa yana tambaya, "Ɓarawo ne?" wani ya amsa, "Kisa ya yi!" A shekarun nan, duk wanda ya girma a garinmu ya san abin da taron mutane yake iya zama kafin a ƙifta ido. Na ga masu shaguna sun fara janye kayansu ciki. Na ga wani matashi ya sunkuya ya ɗauki guntun katako. Wani ya kai hannu ta saman kawunan mutane ya mari Kawu a kunne, tabaraunsa ya faɗi, aka taka.

Ƙafata ɗaya da sabon takalmi, ɗaya babu. Na ƙanƙame ƙafar wandonsa ina ihu, "Kawuna ne! Malami ne!" amma ni kaina ban ji muryata ba.

Baban Emeka ne ya fizge mu. Ban san inda mai jiki irin nasa ya sami wannan saurin ba. Ya tura mu cikin shagon, rigar Kawu ta yage a hannun matar, ya ja ƙofar ƙarfe ya bar ta a rufe, shi yana waje. Cikin duhu da warin roba muka ji ya hau benci yana buga wani abu a jikin ƙarfen, yana ihu da Hausarsa ta kasuwa.

"Ku tsaya! Wasa ne, wasan rediyo! Ba wanda ya mutu! Wannan malamin makaranta ne, shi ya koya wa yarona karatu. Wanda zai taɓa shi, ya fara da ni!"

Ya maimaita ya fi sau goma. Aka jefi ƙofar da wani abu sau biyu. Kawu ya rungume kaina a ƙirjinsa, ina jin zuciyarsa tana bugawa a kunnena. A hankali hayaniyar ta canza, ta koma musu, musun ya koma dariyar kunya. Da komai ya lafa, sauti ɗaya ya rage a bakin ƙofar. Matar nan ce take kuka.

"Na san wasa ne," take ce wa Baban Emeka. "Na sani. Amma ɗana haka ya tafi. Shekararsa shida. Haka mai maganin ya ce mini, ba komai, zuwa gobe zai tashi."

Kawu ya sake ni. Ya ja ƙofar da kansa, Baban Emeka yana ce masa kada ya fito tukuna. Ya fita da yagaggiyar riga, ya durƙusa a gaban matar, gwiwoyinsa a cikin tumatir ɗin da aka tattake.

"Hajiya, ki yafe mini," in ji shi. "Don Allah ki yafe mini."

Ta tsaya tana dubansa tana share hawaye. Ni kuwa ban gane ba. A bas, duk hanyar komawa Samaru, abin da yake cina ke nan. Shi aka mara, shi aka yaga wa riga, a kan abin da bai yi ba. Gafarar me yake nema?

Mun isa gida rana tana faɗuwa. Kaka tana tankaɗe. Ta dubi rigar, ta dubi kumburarren kunnensa, ni kuma na zazzage mata komai ina haɗawa da kuka, har durƙuson da ya yi. A nan ne hannunta ya tsaya a kan rariya. Sai ta ci gaba da tankaɗe. Ta yi tuwo, muka ci. Da yaran gidan suka fara matsowa, ta ce su je, yau ta gida ce. Ta ƙara itace a wuta, ta ɗaga murya.

"Bitrus. Fito ka zauna."

Ya fito ya zauna a kan turmi, nesa kaɗan da haske. Kaka ta ce wata tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kaɗai na amsa.

Ta ce a wani daji an yi wata tsohuwar barewa mai 'ya'ya biyu, babbar mace, ƙaramin namiji. Wata shekara rani ya yi tsanani, babbar ta kwanta, jikinta kamar wuta, ba abin da take kira sai ruwa. Akwai kogi, amma tafiyar yini guda ce. Ƙanen ya fita neman ruwa a kusa. A mararraba ya haɗu da dila yana zaune da gora, ruwan ciki garau kamar hawaye. Dila ya yi masa magana mai daɗi, ya ce kurɓi ɗaya ya isa. Ɗan barewa ya karɓa ya yi ta gudu, ƙaya tana yankar ƙafafunsa, yana murna zai ceci yayarsa. Da hannunsa ya ba ta. Ashe daga mataccen tafki aka ɗebo ruwan. Kafin rana ta sake fitowa ta mutu.

"Tun daga ranar," in ji Kaka, "ɗan barewa bai ƙara cin ciyawa ya ji daɗinta ba. Ya je ya samo fatar dila ya yafa. Ya koyi muryarsa. Ya riƙa bin daji yana kiran ga ruwa, ga ruwa, don kowace dabba ta san muryar nan, in ta ji ta ta gudu. Dabbobi suka tsane shi. Suna jifansa, shi kuma yana tsayawa a jefe shi, don a ransa yana ganin bai kai ga biyan abin da ya yi ba."

Na saci kallon Kawu. Kansa yana ƙasa, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"Uwar kuwa ba ta taɓa ce masa komai a kan ruwan nan ba. Shekara da shekaru. Shi yana zaton shirun nata tuhuma ce. Bai san abin da ya rufe mata baki ba." Muryar Kaka ta sauka har sai da na matsa jikinta. "Tun ranar farko ɗan ya ce, Mama, mu ɗauke ta mu kai ta kogi. Uwar ce ta ce kogi ya yi nisa. Ita ce ta ce a bari a gani zuwa jibi. Ita ce ta ce masa, je ka nemo a kusa, kada ka dawo hannu biyu. In ta dubi fuskarsa, maganarta take tunawa. Shi ya sa ba ta iya duban fuskarsa ta yi zancen."

Itace ya fashe a wuta. Kawu ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Mama, ni na sayo. A tasha na sayo, a hannun mai tallan da ban sani ba. Ni na ba ta."

"Ni na aike ka."

"Da na duba kwalin..."

"Da na ji maganarka." Ta miƙa hannu ta kamo nasa ta jawo shi cikin haske. "Shekara bakwai ina barinka kana ɗauke da kayana a kan naka. Ranar Alhamis na ji ka a rediyo kana yi wa yayarka gaisuwar mutuwa da bakin wanda ya kashe ta, na kasa tashi in ce maka ya isa. To yau na ce. Ya isa, Bitrus. Ba ka kashe ta ba. Gudu ka yi don ta rayu."

Ya sauko daga kan turmi ya kifa fuskarsa a cinyarta. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, kafaɗunsa suna girgiza, ba sauti. Ni kuma na fara gane abin da nake ji, amma ina son a faɗa mini.

"Kaka," na ce, "babbar barewar ta haihu kafin ta mutu?"

Ta dube ni. "Ta bar ɗiya ɗaya," in ji ta. "Mai yawan tambaya. Zo nan."

Kawu bai bar wasan ba. Ya ci gaba da zama Tanko har aka kama Tanko aka kai shi kotu, kuma ranar da aka sa wannan kashin ya fito ya zauna a cikinmu ya saurara, Maman Ladi tana dukan kafaɗarsa tana cewa Allah ya ƙara. Mata suka fara kawo masa kwalayen magani ya duba musu, yana ce musu shi malamin firamare ne, su je asibiti. Wani lokaci shi yake raka su.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar nan a kan jabun magani take, kuma haka na riƙa ba 'ya'yana ita, in tsaya a inda barewa ta mutu. Sai da babban ɗana ya ɗauki ƙanwarsa a kan keke suka faɗi, ya karye a hannu, ita kuma ta fasa goshi, na lura kwana biyu yana bin bango yana kauce wa idona. Ni kuwa shirun da na yi na jin haushin kaina ne, don ni na ce su fita su ba ni wuri in yi barci. Ina wanke kwanuka abin ya faɗo mini. Mutum biyu suna iya kwana a gida ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, kowa yana zaton ɗayan bai yafe masa ba, alhali kowa kansa yake tuhuma. Kaka shekara bakwai ta ɗauka, sai da aka kusa kashe mata ɗa a kasuwa, sannan ta sami hanyar faɗi, ita ma sai da ta ari bakin barewa. Na ajiye soso, ban ko ɗauraye hannuna ba, na je na same shi a bayan gida na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Ni na ce ku fita," na ce masa. "Ba kai ba ne."